Ɓargon da Na Kai wa Hamisu Indiya

Tun ranar da muka sauka, duk wadda ta gan ni tambayarta ɗaya ce: "Dije, ya Indiya?" A islamiyya a tambaye ni, a bakin famfo a tambaye ni, har mai zemijan, ɗan acaɓan da ke kai ni kasuwa, ya waiwayo yana tuƙi ya ce wai da gaske ne an zuƙe mini ɓargo an ɗura wa ƙanena. Na gaji da maimaitawa, bakina ba shi da wannan ƙarfin yanzu. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni ce Hadiza mai atamfa a Tokpa-Hoho. Hamisu autanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota tsakanin Cotonou da Malanville. Bara ya fara kukan gajiya, sai zazzaɓi. Muka ce palu ce, wato zazzaɓin cizon sauro, aka sha magani, aka sake sha. Daga nan dasashinsa ya soma zubar da jini in ya yi asuwaki, ga tabo baƙaƙe a cinyoyinsa alhali ba wanda ya buge shi. A asibiti aka ɗebi jini, aka huda ƙashin ƙugunsa aka ɗebi ɓargo, sannan likita ya zaunar da mu ya ce kansar jini ce, mai saurin tafiya. Ya ce ɓargon da ke yi masa jini ne ya lalace. Ana iya danne ciwon da magani, amma irin nasa yakan dawo, sai in an sa masa ɓargon wani wanda jininsu ya dace. Wannan aikin kuwa ba a nan ake yinsa ba.

Aka ɗebi jininmu, mu 'yan ɗakinsu duka, aka aika waje. Ni kaɗai na dace. Ni da ko allurar rigakafi sai an riƙe mini hannu. Matarsa Zuwaira kuma tana da tsohon ciki, don haka ni ce mai bayarwa, ni ce mai jinya. Yadda aka haɗa guzurin ba zan shiga ba. Motarsa ta tafi, filinsa na Calavi ya tafi, mutanen Zongo kuma sun yi abin da Allah ne kaɗai zai biya su.

Jirgin da ya fi mana sauƙi daga Ikko yake tashi, sai wani abokin aikin Hamisu ya ɗauke mu a motarsa da safe. Kafin mu tashi an ƙara masa jini don ya iya jure hanya, aka ce kada ya cire takunkumi a cikin mutane. Takunkumin nan shi ya fara ja mana magana a iyakar Seme. Ma'aikacin da ke duba fasfo ya dubi fuskarsa, ya dubi ramarsa, ya ja kujera baya ya ce me ke damunsa. Hamisu ya yi ta bayani da turancinsa na hanya cewa ciwon ba ya yaɗuwa, shi ne ma ke tsoron ɗaukar nasu. Mutumin bai gamsu ba, ya je kiran wani. Muna tsaye a rana, na ji Hamisu ya ce, "Yaya, ƙafata ba ta ɗauke ni." Ashe wani ma'aikaci a gefe ya ji. Ya ce, "A'a, 'yan gida ne? Ku zo nan." Bazamfare ne. Ya tashi ya ba Hamisu kujerarsa, ya karɓi takardun asibiti ya yi musu bayani da kansa. Wata mai duba kaya kuma ta buɗe bokitin da na cika da kuka, kuɓewa busasshiya, yaji da daddawa, ta yi saurin rufewa ta ce mu tafi, Allah ya kiyaye hanya.

A cunkoson Ikko hancinsa ya ɓalle da jini. Mota ba gaba ba baya, na toshe masa da bakin mayafina, mayafin ya jiƙe, jinin bai tsaya ba. Direban ya leƙa ya kira mai tallan ruwan leda, muka sayi wanda ya daskare na ɗora masa a karan hanci. Hamisu yana ta cewa ba komai, ni kuwa ina ta lissafin ko mu juya. Allah ya sa ya tsaya kafin mu isa filin jirgi. Da mayafin nan na shiga jirgi, na naɗe wajen jinin ciki.

Jirgi biyu muka hau. A na farko na cire takalmi don in huta, da aka zo sauka ƙafata ta kumbura ta ƙi komawa. Haka na ratsa filin jirgin da muka yada zango, takalmi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan keken da ake tura Hamisu. Ya yi ta yi mini dariya, ita ce kuma ranar ƙarshe da na ji dariyarsa sai bayan watanni.

Mun sauka Delhi cikin sanyi. Ba wanda ya gaya mini Indiya tana sanyi, zannuwa marasa nauyi na kwaso. Na ɗauka Cotonou ce ƙarshen hayaniya, ashe mu masu natsuwa ne. Kowace mota tana oda ba dalili, ga shanu kwance a tsakiyar titi ana kewaye su kamar manyan mutane. Na ce wa Hamisu saniyar nan da a Zongo ta kwanta haka, kafin azahar an raba ta.

Masaukinmu ɗaki ɗaya ne a wani bene kusa da asibitin, duk 'yan jinya ne a ciki, daga ƙasashe daban-daban. Mai gidan tsohuwa ce mai jan ɗigo a goshi. Ta nuna mini da hannu cewa takalmi a waje, nama kuma ba ya shiga gidanta, ko ƙwai. Na yarda, ba ni da zaɓi. Rana ta biyu na ɗora miyar kuka a madafin da muke tarayya, na jefa daddawa. Kafin ta tafasa tsohuwar ta hauro bene tana toshe hanci tana faɗa, ta ɗauka wani abu ne ya mutu na dafa. Ni ba na jin yarenta, ita ba ta jin nawa, muna ta ɗaga wa juna hannu. Sai wata mata doguwa ta fito daga ɗakin da ke kallon namu ta ce da faransanci, "Madam, me kika sa a tukunyar nan?" Jin faransancin nan kamar an ba ni ruwa. Sunanta Maman Odette, daga Kinshasa, mijinta ma kansar jini ce ta kawo su. Ita ta yi wa tsohuwar bayani da guntun turancinta cewa 'ya'yan itace ne, ba nama ba. Aka daidaita a kan in riƙa buɗe taga.

Maman Odette ce ta koya mini garin. Inda ake sayen garin masara, yadda ake ciniki da masu keke mai ƙafa uku, da wace tagar asibiti ake bi a fara. Kirista ce, in na tashi salla ta tsare mini tukunya, in ta tafi coci in kai wa mijinta ruwan zafi.

Abincinsu kuwa, ban ce ba daɗi ba, amma komai sai an zuba masa kayan ƙamshi har ka rasa abin da kake ci. Wake iri-iri, gurasa fale-fale, shayi mai citta da madara. Shayin kaɗai na riƙe.

Ranar da muka fara ganin babbar likitar, mace ce ƙarama mai furfura, asibitin suka ba mu tafinta mai faransancin littafi. Na ce a tambaye ta ko ƙanena zai tashi. Sai na ga tana kaɗa kai gefe da gefe. Na dafe ƙirji na fara salati. Tafinta ya ce, "Madam, lafiya? Cewa take to, ta ji tambayarki." Ashe haka suke amsawa. Har na baro ƙasar ban saba da wannan kaɗa kan ba, kullum sai gabana ya faɗi.

Amsar da ta bayar ba ta da daɗi, ba ta kuma da ƙarya. Ta ce sai an fara ba shi magani mai ƙarfi, wanda suke kira kimo, har ciwon ya kwanta. In ya kwanta a ƙone sauran ɓargonsa gaba ɗaya da magani, sannan a sa nawa. Ta ce akwai waɗanda ba sa tsallake wannan tsakanin. Sannan ta dube ni ta tambayi haihuwata nawa. Na faɗa. Ta ce jinin macen da ta haihu yakan yi faɗa in ya shiga jikin namiji, yana iya ɗaukar jikin Hamisu a matsayin baƙo ya far masa. Faɗan nan kaɗan yana da amfani, don shi ke cinye ragowar ciwon, amma in ya yi yawa yana kisa. Hamisu ya ce, "Yaya dama mafaɗaciya ce." Tafinta bai fassara ba.

Watannin kimo ba ni da abin faɗa a kansu sai gajiya. Amai, zazzaɓi, gashi yana bin matashi. Daga masauki zuwa asibiti, daga asibiti zuwa kantin magani, a dawo a wanke, a dafa, a kai, a dawo da shi ba a ci ba. Ana cikin haka Zuwaira ta haihu, mace. A waya ya yi mata huɗuba, muryarsa ba ta fita sosai, aka kara wayar a kunnen jaririyar.

Da suka ce ɓargonsa ya yi tsabta, sai aka juyo kaina. Ku da kuke tambaya ko an fasa mini ƙashi, ba a fasa ba. Allura aka yi ta yi mini 'yan kwanaki a fatar ciki, wai don irin da ke haifar da jini ya fito daga ɓargo ya shiga jijiya. Allurar nan ta sa ƙasusuwana ciwo kamar an yi mini dukan tsiya, ƙugu, baya, har haƙarƙari. Da rarrafe nake hawa benen. Ranar ɗiba aka kwantar da ni kusa da wata na'ura, aka sa allura a wannan hannu, aka sa a wancan. Jini ya fita ta nan, ya zaga cikin na'urar, ta tsince abin da take so, sauran ya dawo ta can. Tun safe har bayan azahar ban tanƙwara hannu ba. Leɓɓana suka yi ta tsirawa kamar na ci barkono, hancina yana ƙaiƙayi ba halin sosawa. Maman Odette ce ta zo ta zauna tana sosa mini hanci tana ba ni labarin surukarta.

Abin da aka samu 'yar jaka ce ta leda, ruwan ciki kamar zoɓon da aka tsinka. Washegari aka rataye ta aka ɗura masa kamar yadda ake ƙarin jini. Ba yanka, ba ɗinki. Hamisu ya ɗaga ido ya dube ta ya ce, "Yaya, saboda wannan 'yar abar muka sayar da mota?" Na ce ya yi shiru ya yi bismilla.

Bayan nan ne aka shiga wahalar gaske. Nasa ɓargon an ƙone, nawa bai kama ba tukuna, jikinsa ba mai tsaro ko ɗaya. Aka sa shi a ɗakin da ba a buɗe taga. Kafin in shiga sai na wanke hannu har gwiwa, in sa riga, hula, takunkumi, in bar komai nawa a waje. Abincinsa sai an dafa ya yi lugub, ruwansa sai an tafasa. Bakinsa ya yi gyambo har maƙogwaro, ko yawu ba ya iya haɗiyewa, sai ya tofa a kwano in zubar. Mu a gida in mutum ba shi da lafiya ɗakinsa cika yake, wannan ta kawo kunu, wannan ya yi addu'a ya shafa masa. A can daga ni sai shi sai ƙarar na'ura.

Wata rana da hantsi ya yafito ni. Na kai kunne kusa da bakinsa. Ya ce, "Yaya, na ji a nan ƙona gawa suke yi. In ta Allah ta kasance, kada ki bari."

Na ce, "Wace irin magana ce wannan?"

Ya ce, "Ki dai yi mini alkawari."

Ban iya yi masa alkawarin abin da ban sani ba. Na fita na sami tafinta na tambaye shi. Ya ce ai akwai Musulmi da yawa a garin, da masallatansu da maƙabartarsu, ya rubuta wa mai keke sunan unguwar. Na je ni kaɗai. Unguwa ce mai lunguna kamar tamu, ga mahauta, ga masu hula, ga kiran salla. Na tsaya a ƙofar maƙabartar na leƙa, na ga kaburbura a jere suna fuskantar alƙibla. Mai gadin ya yi mini sallama na amsa, iyakar abin da muka fahimta ke nan. A hanyar dawowa na sayi shinkafa da naman rago na zauna a kan dakali na ci, naman farko tun barina gida, ina ci ina kuka, mutane suna wucewa suna kallona. Da na koma na ce masa, "Na gani da idona. Akwai wurinmu, da liman da komai. Yanzu sai ka kwantar da hankalinka ka warke." Ya lumshe ido ya yi barci.

Bayan mako biyu da wani abu likitar ta shigo tana kaɗa kan nan nata, ta ce ɓargon ya kama, ya fara yin sabon jini. Na yi sujada a kan tayil ɗin ɗakin da rigar asibiti a jikina. Aka sallame mu zuwa masauki, muna komawa gwaji a kai a kai. Na fara tunanin gida.

Sai ƙuraje suka feso masa a tafin hannu, suka bi wuya, suka bi baya, ja wur kamar an watsa masa ruwan zafi. Gudawa ta biyo baya, ba tsayawa. Aka mayar da shi gado. Likitar ta ce abin da ta faɗa ne tun farko, jinina ne ke faɗa da jikinsa. Duk wahalar tafiyar nan ba abin da ya karya ni kamar wannan. Ina wanke masa jiki ina ganin fatar tana saɓulewa, na san daga jikina abin ya fito. Na daina cin abinci. Na ce wa Maman Odette da na sani da ban ba shi ba. Ta ce, "Da ba ki ba shi ba, da yanzu wa za ki wanke?" Ta tura mini kwano ta tsaya a kaina har na ci.

Ita kuwa nata mijin bai kai inda muka kai ba. Zazzaɓi ya shige shi a ɗakin nan marar taga, kwana kaɗan ya tafi. Ni na taya ta ninke kayansa. Ta bar mini tukunyarta da bargonta, ta rungume ni a bakin bene ta ce, "Ki kai naki gida." Bayan tafiyarta na fi wata ban yi hira da kowa ba sai Hamisu, shi ma ba kullum yake iya amsawa ba. Tsohuwar mai gidan ta lura. Ta fara ajiye mini kofin shayi a bakin ƙofa da safe.

A hankali maganin da suka ƙara masa ya kwantar da faɗan. Fuskarsa ta kumbura, hannunsa yana rawa, amma gudawar ta tsaya, ya fara neman tuwo. Gwajin ƙarshe kafin mu taho, likitar ta ce jinin da ke jikinsa yanzu duk nawa ne, ba su ga ciwon ba. Na ce to ya warke ke nan. Ta ce ba ta ce ba. Sai an yi shekaru ana dubawa kafin a faɗi wannan kalmar. Mun tafi ina tsammanin wata biyu, muka share fiye da rabin shekara.

Dawowa ba ta da labari, barci na yi ta yi a jirgi. Labarin yana ƙofar gida. Mun iso Zongo muka tarar layinmu ya cika, maza da mata, kowa yana so ya kama hannunsa. An kuwa gargaɗe mu cewa har yanzu murar wani tana iya kwantar da shi, ba musabaha, ba cunkoso, ba abincin da ba a gidan aka dafa ba. Na shige da shi ɗaki na ja ƙofa, na ɗauko kujera na zauna a bakinta. Har yau a nan nake wuni.

Na san abin da ake faɗa. An ce Dije ta je Indiya ta koyo wulaƙanci. Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, ta taso tun daga Gbégamey da kwanon dambu a kanta, tana tari, na tare ta.

Ta ce, "Ni za ki hana ganin ɗana? Ni na yi masa wanka yana jariri."

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ki zaga ta taga."

Ta ajiye kwanon a ƙasa ta ce ba ta taɓa gaida mara lafiya ta taga ba kamar ɗan kurkuku. Ta juya za ta tafi, sai Hamisu ya ɗaga labule daga ciki ya ce, "Gwaggo, ga ni." Ta tsaya ta dube shi ta cikin gilas, ba gashi, fuska a kumbure. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan gilas ɗin ta yi masa addu'a, ya shafa daga ciki. Da za ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba, ta dai ce, "Dambun ki ci, ke ma kin rame."

To, wannan ita ce Indiyar da na gani. Ban je ko'ina ba sai asibiti da kasuwar garin masara da maƙabarta. Mai son gaida Hamisu ta zo bayan la'asar, tagar tana ɓangaren masallaci, yana jin magana sarai. Kada ku tambaye ni ko ya warke, ban sani ba, likitarsa ma ba ta sani ba. Jiya dai ya ci tuwo malmala guda ya nemi ƙari. In kuma kun tarar ina gyangyaɗi a kan kujerar, ku wuce a hankali, kada ku tashe ni.